140,431,790: Lambar da ake rabon kuɗi da kujerun Najeriya da ita, da abin da ilimin lissafi ya ce a kanta

140,431,790 ita ce lambar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta tabbatar a matsayin yawan mutanen Najeriya a ƙidayar da aka gudanar daga 21 zuwa 27 ga Maris, 2006. An buga ta a gazet ɗin Gwamnatin Tarayya cikin watan Fabrairu na 2009. Tun daga wancan lokaci ba a sake bin gida-gida an ƙirga 'yan ƙasa ba. Duk wani adadi da ake ji a bakin minista ko gwamna, miliyan 200 ne ko miliyan 230, ƙiyasi ne da aka ɗora a kan wannan lamba ko aka daidaita shi da ita.

Lambar tana da fuska biyu. Akwai siffofinta na lissafi, waɗanda duk mai wayar hannu zai iya tabbatarwa da kansa, ba su kuma karɓar gardama. Akwai kuma da'awar da take ɗauke da ita, wato cewa ita ce adadin mutanen ƙasa, da'awar da aka sha jayayya a kanta har gaban kotu. Wanda ya iya raba waɗannan biyu, da wuya a yaudare shi da alƙaluma a fagen siyasa.

Karanta ta da girmanta

Lambar tana da alƙaluma tara. Da baki, ana karanta ta miliyan ɗari da arba'in, da dubu ɗari huɗu da talatin da ɗaya, da ɗari bakwai da casa'in. A tsakiyar wannan karatu akwai tarko: "dubu ɗari huɗu da talatin da ɗaya" na iya nufin 431,000, yana kuma iya nufin 400,031, gwargwadon inda mai magana ya ja numfashi. Shi ya sa manyan lambobi suka fi aminci a rubuce da alƙaluma.

Hausawan dauri ba su rasa hanyar riƙe manyan lambobi ba. A zamanin da ake ciniki da wuri, wuri 20,000 shi ne ƙeso guda. Da mutanen ƙidayar 2006 wuri ne, da sun cika ƙeso 7,021, a bar canjin 11,790. Ta fuskar lokaci kuwa, mai ƙirga mutum ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai kwashe kwana 1,625 kafin ya kai ƙarshe, wato shekara huɗu da wata biyar, abin da ya zarce wa'adin mulki guda. Kwamfuta, wadda ba ta san komai ba sai 0 da 1, tana buƙatar gurabe 28 kafin ta ajiye lambar, domin ta faɗo tsakanin 134,217,728 da 268,435,456.

Cikin jimillar, maza 71,345,488 ne, mata 69,086,302. Ratar 2,259,186 ce, kuma maza ne ke gaba, saɓanin abin da aka saba faɗa a majalisun hira cewa mata sun ninka maza.

Me ke raba ta, me ba ya raba ta

Tambayar farko da masana lissafi ke yi wa kowace cikakkiyar lamba ita ce: waɗanne lambobi ne ke raba ta ba tare da saura ba? Tambayar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malamin da ke rabon gado yana neman asalin mas'ala, 6 ko 12 ko 24, domin su ne lambobin da rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni ke fita daga cikinsu lafiya lau.

140,431,790 cika ce, ba mara ba, tun da ta ƙare da sifili. Wannan sifilin kuma ya nuna 5 da 10 suna raba ta. Daga nan sai ƙofofi su fara rufewa. Idan aka tara alƙalumanta, 1 da 4 da 0 da 4 da 3 da 1 da 7 da 9 da 0, za a sami 29, kuma tun da 3 ba ta raba 29, to ba ta raba lambar, haka nan 9. Alƙaluma biyu na ƙarshe 90 ne, waɗanda 4 ba ta rabawa, saboda haka 4 da 8 sun fita. A yaren masu rabon gado, lambar tana da rabi, amma ba ta da sulusi ko rubu'i ko sudusi ko sumuni cikakke.

Akwai wani abin lura. Ko da 3 aka raba ta, ko 4, ko 6, ko 7, ko 9, ko 12, ko 36, saura 2 ake samu kowane karo.

Tubalanta guda biyar

Akwai lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Littattafan hisabi na Larabci suna kiran irinsu adadi awwali. Da Hausa ana iya ce musu gagara-raba. Tun zamanin Iƙlidis na Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, aka san su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su. A 1801 masanin Jamus Carl Friedrich Gauss ya kafa cikakkiyar hujja cewa kowace lamba hanya ɗaya tak gare ta ta warwarewa zuwa waɗannan tubala.

Ga warwarar lambar ƙidaya, mataki-mataki. A raba ta da 10, a sami 14,043,179. A gwada 7, 11, 13, 17 da 19, duk suna barin saura. Sai a 23 ta buɗe: 23 sau 610,573. Ita kuma 610,573 ba ta buɗewa sai an kai 157: 157 sau 3,889. Lambar 3,889 gagara-raba ce. Ke nan:

140,431,790 = 2 × 5 × 23 × 157 × 3,889

Wannan layi ɗaya shi ne shaidar asalin lambar, kuma daga shi sauran siffofinta ke fitowa. Lamba ce haɗaɗɗiya, tun da tubalanta sun fi ɗaya. Babu tubalin da ya maimaitu, saboda haka ba wata lamba murabba'iya, irin su 4 ko 9 ko 25, da ke raba ta. Irin wannan siffa ba abin mamaki ba ce, domin kusan kashi 61 cikin ɗari na dukkan lambobi haka suke.

Lambobin da ke raba ta 32 ne cif. Dalili kuwa mai sauƙi ne: wajen haɗa kowane mai rabawa, kowane tubali cikin biyar ɗin ko dai a ɗauke shi ko a bar shi, zaɓi biyu sau biyar, wato 2 × 2 × 2 × 2 × 2. Ƙananan cikinsu su ne 1, 2, 5, 10, 23, 46, 115, 157, 230, 314, 785 da 1,570. Biyun da ke tsakiya su ne 7,778 da 18,055. Da za a tsayar da mutanen ƙidayar duka a fili ɗaya cikin sahu madaidaita, tsarin da ya fi kusa da murabba'i shi ne sahu 7,778, kowane sahu da mutum 18,055.

Ita kanta ba murabba'iya ba ce: 11,850 sau 11,850 ya ba da 140,422,500, wanda ya gaza mata da 9,290, shi kuwa 11,851 sau 11,851 ya wuce ta. Haka nan ba za a iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'ai biyu ba, kuma tubalin 23 ne ya hana, domin yana cikin gagara-raba masu barin saura 3 idan an raba su da 4.

Tammi, za'idi ko naƙisi

Akwai wani tsohon rabe-rabe da Nikomakus na Jarash ya rubuta wajen shekara ta 100 miladiyya, Sabit bin Ƙurra kuma ya mayar da littafinsa Larabci a Bagadaza cikin ƙarni na tara. Ana tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta, a gwada jimillar da lambar. Idan suka yi daidai, lambar tammi ce, wato cikakkiya, kamar 6, wadda 1 da 2 da 3 suka haɗu suka ba da ita, ko 28. Idan jimillar ta zarce, za'idi ce, kamar 12, wadda masu raba ta suka tashi 16. Idan ta gaza, naƙisi ce, kamar 8, wadda nata suka tsaya a 7.

Ba sai an jera duka 32 ba kafin a san matsayin lambar ƙidaya. A ƙara 1 a kan kowane tubali, a ninka: 3 × 6 × 24 × 158 × 3,890, wanda ya ba da 265,515,840. A cire lambar kanta, saura 125,084,050. Wannan ya gaza 140,431,790 da 15,347,740. Lambar naƙisi ce ke nan.

Sunan na iya jan hankalin masu zargin ƙidayar da naƙasu, amma ba ruwansa da ingancin aikin. Kusan kashi uku cikin huɗu na lambobin duniya naƙisai ne. Hukuncin ilimin lissafi a kan 140,431,790 shi ne lamba ce gama-gari, ba ta da wata baiwa da ta raba ta da maƙwabtanta.

Batun 23

Ɗan Sakkwato zai lura da wani abu a cikin tubalan nan. Ƙananan hukumomin jihar da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa 23 ne, kuma 23 na raba yawan mutanen Najeriya ba saura, kowane kaso 6,105,730. Jihohi 36 ba su samu wannan ba, ƙananan hukumomi 774 ma haka.

Dacewa ce kawai. Cikin kowace lamba 23 da ke jere, dole ɗaya ta rabu da 23. Sakamakon wucin gadi na wannan ƙidayar, 140,003,542, yana barin saura 12 idan an raba shi da 23. Abin da ya fi wannan nuna raunin irin wannan fassara shi ne sauran 2 ɗin da aka ambata a baya. Da malaman ƙidaya sun tsallake mutum biyu kacal a wata ruga, da jimillar ta zama 140,431,788, wadda ke rabuwa ga jihohi 36 cif-cif, 3,900,883 kowace, amma 5 da 23 su daina raba ta. Da an ƙara jariri ɗaya, da ta koma mara, 3 kuma ta raba ta. Siffofin da mutum ɗaya ko biyu ke rushewa ba za su zama hujjar komai game da ƙasa ba.

Ƙasar Hausa tana da tarihin masana da suka ɗauki lambobi da gaske. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, inda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da jimilla ɗaya. Abin da ya sa masu tarihin lissafi ke ambatonsa har yau shi ne ƙa'idojinsa suna gwaduwa: kowa na iya tara layukan ya gani. Wannan ma'auni, a gwada a gani, shi ne lambar ƙidaya ke cin jarrabawarsa a fagen lissafi, take kuma shan wuya da shi a fagen siyasa.

Inda lambar ta fito

Ƙirga mutane a Arewa ya daɗe yana tafiya da haraji. A zamanin En'e, hakimai da dagatai ne ke rubuta masu biyan haraji da shanun jangali, shi ya sa talaka ya saba ɓoye kansa da dukiyarsa idan ya ga mai littafi. Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya san wannan aiki tun daga tushe, domin ya zama hakimin Rabah a 1934 kafin a naɗa shi Sardaunan Sakkwato.

Da aka sami mulkin kai sai lissafin ya juye. Yawan jama'a ya koma ma'aunin kujerun majalisa da kason kuɗi, ɓoyewa ta zama asara, ƙari ya zama riba. An soke ƙidayar 1962 saboda rigimar da ta biyo bayanta. Wadda aka sake a 1963 ta ba da mutum miliyan 55.7, Arewa na da miliyan 29.8 a ciki. Gwamnatin Sardauna ta karɓa, Firimiyan Gabas Michael Okpara ya ƙi, gwamnatinsa ta je Kotun Ƙoli ba ta yi nasara ba. Da wannan sakamako aka raba kujeru 312 na zaɓen 1964, Arewa ta tashi da 167. Ƙidayar 1973, mai miliyan 79.8, Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da 88,992,220.

Ta 2006 an yi ta ne a mulkin Olusegun Obasanjo, Samu'ila Danko Makama na shugabantar hukumar. Ba a tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba. Tsakanin sakamakon wucin gadi da na ƙarshe an sami ƙarin mutum 428,248. Kano ta zo ta ɗaya da 9,401,288, Legas na bin ta da 9,113,605. Gwamnatin Legas, ƙarƙashin Bola Tinubu a lokacin, ta yi watsi da nata adadin, ta ce mutanenta sun haura miliyan 17. A 2013 kotun sauraron ƙarar ƙidaya ta soke sakamakon ƙananan hukumomi 14 na jihar. A shekarar ce kuma shugaban hukumar na lokacin, Festus Odimegwu, ya fito fili ya soki ingancin ƙidayoyin ƙasar, maganar da ta tayar da ƙura har ya bar kujerarsa.

Duk da haka lambar tana nan daram a doka. Sashe na 213 na Kundin Tsarin Mulki ya ce Shugaban Ƙasa zai kai rahoton ƙidaya gaban Majalisar Magabata ta Ƙasa, ta ba shi shawarar karɓa ko ƙi. Na 2006 an karɓe shi.

A raba ta da 360

Rabawar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda Kundin Tsarin Mulki ya yi umarni da ita. Sanatoci uku-uku ne ga kowace jiha, ba ruwansu da yawan jama'a. Majalisar Wakilai kuwa, Sashe na 49 da na 72 sun ce mazaɓunta 360 su kasance kusan daidai a yawan mutane, gwargwadon iko. Ma'aunin shi ne a raba mutanen ƙasa da yawan mazaɓu. 140,431,790 a raba da 360 ya ba da 390,088, saura 110.

A ɗora wannan ma'auni a kan gabashin Sakkwato. A ƙidayar 2006, Rabah na da mutum kusan 149,000, Wurno kusan 162,000, Goronyo kusan 182,000. Mazaɓar Wurno da Rabah ke nan tana da kusan 311,000, ƙasa da ma'auni da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Maƙwabciyarta, mazaɓar Goronyo da Gada, tana da kusan 430,000, sama da ma'auni. Kowaccensu wakili ɗaya take turawa Abuja. Bisa alƙaluman hukuma, muryar mutumin Rabah a zauren majalisa ta fi ta mutumin Goronyo nauyi da fiye da sulusi.

A matakin jihohi ma akwai abin dubawa. Sakkwato, mai mutum 3,702,676, ma'aunin ya ba ta kujera tara da rabi, amma 11 gare ta. Kano ya ba ta 24.1, tana da 24. Legas ya ba ta 23.4, tana da 24. Babban Birnin Tarayya, mai 1,406,239, ya cancanci 3.6, amma biyu kawai yake da su. Dalilin bambancin shi ne iyakokin mazaɓun da ake amfani da su an shata su ne a 1996, zamanin soja, shekara goma kafin ƙidayar. Sashe na 73 ya ɗora wa Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, nauyin sake duba su lokaci-lokaci, ya kuma ba ta damar yin haka bayan kowace ƙidaya, amma kujerun jihohi suna nan yadda aka gada. Duk mai kiran a sake shata mazaɓu ya kamata ya san lissafin ba ya duba ɓangare: yana iya ƙara wa jiharsa, yana iya rage mata.

A raba ta da 774

Idan aka raba lambar da ƙananan hukumomi 774, matsakaiciyar ƙaramar hukuma na da mutum 181,436. Goronyo ta kusa zama daidai da wannan matsakaici, Wurno da Rabah suna ƙasa da shi. Su ukun a haɗe kusan 494,000 ne, wato mutum ɗaya cikin kowane 284 na Najeriya. Jihar Sakkwato baki ɗaya kashi 2.6 ce cikin ɗari.

Waɗannan kashe-kashe su ne ke komawa Naira. Sashe na 162 ya lissafa yawan jama'a cikin abubuwan da dole a duba wajen rabon Asusun Tarayya. A tsarin da aka daɗe ana bi, Gwamnatin Tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Wajen raba kason jihohi a tsakaninsu, kashi 40 ana yin sa daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran 30 kuma bisa faɗin ƙasa da yanayinta, da ayyukan raya jama'a, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Misali, cikin kowace Naira biliyan 100 ta jihohi, biliyan 30 yawan jama'a ne ke yanke hukuncinta, kuma idan da ƙidayar 2006 aka auna, rabon Sakkwato a ciki ya kusa miliyan 800. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, adadin da aka rubuta wa kowace ƙaramar hukuma ya ƙara zama abin da matasanta ya kamata su sani.

Alƙaluma nawa ne abin dogaro

Lamba mai alƙaluma tara tana da kwarjini. Mai karatu na ganin 790 ɗin ƙarshe sai ya ɗauka an ƙirga kowa har mutum na ƙarshe. Babu ƙidayar da ke kai wannan matsayi a ko'ina. Amurka, da duk kayan aikinta, binciken bayan ƙidayarta ta 2020 ya nuna an rage wa jihohi shida, an ƙara wa takwas.

Kuskuren kashi ɗaya tak cikin ɗari a lambar Najeriya mutum 1,404,318 ne, kusan daidai da duk mutanen da aka ƙirga a Babban Birnin Tarayya, kuma kusan ninki uku na Rabah da Wurno da Goronyo a haɗe. Da kuskuren kashi ɗaya, alƙalami na uku ya riga ya fara rawa, shida na bayansa kuwa ba su da wata ma'ana ta awo. Masanin yawan jama'a zai ce "kusan miliyan 140" ya tsaya. Doka ce ke buƙatar lamba guda cikakkiya domin ta yi rabo da ita, kuma a wurinta alƙaluman ƙarshe na iya yin tasiri: a rabon kujerun da ya biyo bayan ƙidayar Amurka ta 2020, jihar New York ta rasa kujera ɗaya saboda gibin mutum 89.

Shin alƙaluma na tona maguɗi?

Suna iya ba da alama, amma sai an tara lambobi masu yawa. Sifilin da ke ƙarshen 140,431,790 ba shaidar ƙirƙira ba ce, tun da ɗaya cikin kowace lamba goma da sifili take ƙarewa. Abin da masu bincike ke dubawa shi ne ɗaruruwa ko dubban sakamako a tare. Idan ƙirga na gaskiya ne, alƙaluman ƙarshe daga 0 zuwa 9 za su bayyana kusan daidai da juna, mutum kuwa idan yana ƙago lambobi da ka yakan fifita wasu. Bernd Beber da Alexandra Scacco sun yi amfani da wannan gwaji a binciken da suka buga a 2012, inda suka duba takardun sakamakon zaɓen 2003 na jihar Filato.

Akwai kuma ƙa'idar Benford, wadda Simon Newcomb ya fara lura da ita a 1881, Frank Benford ya faɗaɗa ta a 1938. Ta ce a tarin lambobin da suka bazu daga ƙanana zuwa manya ƙwarai, kusan kashi 30 cikin ɗari da 1 suke farawa, masu farawa da 9 ba su kai kashi 5 ba. Ba ta dace da ƙananan hukumomin Najeriya ba, domin yawancinsu girmansu ya yi kusa da juna. Wata alamar da aka sani a ƙidayoyin ƙasar ita ce cunkoson shekaru masu ƙarewa da 0 ko 5: wanda ba shi da takardar haihuwa yakan ce shekararsa 30 ko 35, ba 32 ba. Wannan rashin rajistar haihuwa yake nunawa, ba lalle maguɗi ba.

Lambar da ta tsaya, mutanen da suka motsa

Daga 88,992,220 na Nuwamban 1991 zuwa 140,431,790 na Maris 2006, ƙaruwar ta kama kusan kashi 3.2 cikin ɗari a shekara. Da wannan gudu, jama'a na ninkuwa cikin shekara 22, kuma bayan shekara 20 lambar za ta kai kusan miliyan 264. Idan kuwa aka ɗauki kashi 2.5, miliyan 230 za a samu. Ratar da ke tsakani, miliyan 33 da ɗoriya, ta fi mutum miliyan 30.8 da Ghana ta ƙirga a 2021. Bambancin da bai kai kashi ɗaya ba a zato ya haifar da ƙasa guda a takarda.

Ƙiyasi yana da wani lahani kuma. Idan aka ninka kowane yanki da gudu iri ɗaya, kason kowa ba ya canzawa: wanda aka rage wa a 2006 yana nan a rage, wanda aka ƙara wa yana nan a ƙare. Ƙiyasi kuma bai san hijira ba. Ambaliyar kogin Rima ta Satumban 2010 ta tayar da ƙauyuka a Goronyo da Wurno. A Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 30 a yankin Tabanni na ƙaramar hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka taru a Gandi. A Oktoban 2021 an kashe fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Tun 2019 dubban mutanen gabashin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa alƙalami guda a lambar hukuma. Garin da ya karɓi 'yan gudun hijira da ƙauyen da ya zama kufai, kowanne na nan da adadinsa na da.

Majalisar Ɗinkin Duniya na ba da shawarar a yi ƙidaya duk shekara goma. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya ya ce hukumar ta riƙa ƙirga jama'a lokaci-lokaci, bai yanka wa'adi ba. Shekarar 2016 ta wuce ba a yi ba. Wadda aka shirya yi daga 3 zuwa 7 ga Mayu, 2023, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ta ana saura 'yan kwanaki.

Saboda haka duk adadin jama'a da aka kawo a muhawara yana buƙatar tambaya uku: na wace shekara ne, ƙirga shi aka yi ko ƙiyasta shi, kuma da wane gudun ƙaruwa? Masu rajistar zaɓen 2023, su 93,469,008, sun kusa kashi biyu cikin uku na 140,431,790, amma haɗa lambobin biyu kuskure ne, domin shekara 17 ce tsakaninsu. Yaron da aka haifa a Gandi ko Achida cikin Afrilun 2006 ya cika shekara 18 a 2024, doka ta ba shi damar yankar katin zaɓe da jefa ƙuri'a a 2027, alhali ba ya cikin lambar da ake auna mazaɓarsa da kason ƙaramar hukumarsa da ita.